Kwanon Ranar Talata

Ni aka naɗa shugabar ƙungiyarmu, ba don na fi kowa hankali ba, sai don gidana ne ke da ɗakin ajiya, kuma ni kaɗai na iya sa hannu da biro ba sai an tsoma mini yatsa a tawada ba. Sunana Ruƙayyatu. Man kaɗanya nake yi a nan cikin garin Birnin Gwari, shekara ashirin da wani abu ke nan, har hannuna ya daina sanin kaushi.

Da aka zo da shirin rancen ƙananan 'yan kasuwa na jiha, ta hannun wani ƙaramin banki, sharaɗin shi ne mata biyar-biyar, kowace ta tsaya wa 'yar'uwarta. Ba jingina, ba takardar fili. Dubu ɗari ga kowace, a riƙa biyan dubu huɗu da ɗari biyar duk Talata har mako ashirin da huɗu. In ɗaya ta gaza, sauran huɗun su cika mata. Malam Suhaibu, ma'aikacin bankin da ke zuwa karɓar kuɗin a kan babur, ya rantse mana cewa abin da ya hau sama ba ruwa ba ne, kuɗin hidima ne da na inshora. Mun karɓi rantsuwarsa da sauri, domin muna son kuɗin.

Mu biyar ɗin su ne ni, da Zulaiha mai awara, da Muslimat mai ɗinki, da Zakiyya mai sayar da gawayi, sai Comfort. Comfort abokiyar sana'ata ce, 'yar kudancin Kaduna, matar Manasseh malamin firamare. Ba mai kiranta da sunanta sai banki, kowa Maman Ann yake cewa. Shekara tara muna dafa kaɗanya a tukunya ɗaya, ita ta kirɓa ni in tace, muna faɗa a kan wuta kamar gidanmu ɗaya. Ta girme ni a ƙarfi, na girme ta a shekaru, don haka Yaya take ce mini.

Ita ce ta kawo maganar kwano. Zakiyya ta taɓa shiga wata ƙungiya inda ake kiran suna a bainar jama'a a ce wance ba ta kawo ba, har ta yi wata guda ba ta iya bi ta ƙofar gidan da ake taron saboda kunya. Ranar zamanmu na farko Maman Ann ta ce, "Yaya, mu a coci jakar baiko, wato ta sadaka, tana wucewa ne, ba mai leƙa hannun wani. Mu yi haka. Ki sa kwano a ɗaki, kowa ya shiga shi kaɗai ya sa nasa. In bai cika ba mu cika, ba sai an san wane ne ba."

Haka muka yi. Na ajiye kwanon samira mai murfi a kan turmi a ɗakin ajiya, inda buhunan kaɗanya suke. Ɗakin yana da ƙofa biyu, ɗaya ta tsakar gida mai labule, ɗaya ta baya da ke fita lungu, wadda muke shigo da itace ta nan, kullum da sakata a ciki. Duk Talata bayan Azahar mu zauna a tabarma, kowace ta tashi ta shiga ta saki labule, mu ji ƙarar murfi, ta fito. A ƙarshe in ɗauko in ƙirga a gaban kowa. Dubu ashirin da biyu da ɗari biyar. Wani makon a samu giɓin ɗari biyar ko dubu, mu haɗa mu cika, ba mai kallon fuskar wata. Amma kowa ya san kuɗin Maman Ann, domin ita naɗe su take yi siriri ta ɗaure da zaren buhu, kuma kullum da maiƙo a jikinsu. Nata bai taɓa gaza ko naira ba. Tana cewa ita barci ba ya ɗaukarta in kuɗin wani na hannunta.

A mako na bakwai, farkon damina, kaɗanya ta zuba a wajen Kakangi, kuma can ta fi araha. Ni da ita karɓa-karɓa muke yi wajen sayowa, wannan karon ni ce da zuwa. Daren da zan tafi da safe, ƙanin mijina direba ya biyo ta gidan, yana cin tuwo ya ce shi kam ba zai bi hanyar Kakangi ba a makon nan, an ga baburan mutanen daji suna tsallakawa. Da gari ya waye na aika aka kira Maman Ann, na zauna na miƙe ƙafa na ce gwiwata ta kumbura. Ban gaya mata abin da na ji ba. Na ƙulle dubu talatin a hankicina mai ruwan ɗorawa na ba ta, na ce ta sayo mini buhu biyu tare da nata. Ta yi dariya ta ce, "Yaya, tsufa ne, ki shafa man da kike sayar wa mutane." Ta cusa hankicin a ƙugu ta fita.

Motar ba ta kai Kakangi ba. Mutum goma sha ɗaya aka kora cikin daji da rana tsaka.

Ba zan tsaya ba da labarin kwanakin nan ba, duk wanda ke zaune a garin nan ya san yadda suke. Ana jiran waya, wayar ta zo, a sayar da abin da za a sayar. Manasseh ya sa gonarsa a kasuwa. Sau ɗaya aka ba shi ita a waya, daga nan ba a ƙara ba.

Talatar da ta biyo baya muka zauna mu huɗu, kowace ta shiga ta fito. Na ɗauko kwano ina shirin cewa mu haɗa dubu huɗu da ɗari biyar, na ƙirga, sai ga kuɗi cif. Na sake ƙirgawa. A ƙasan kwanon akwai naɗi siriri ɗaure da zaren buhu. Na ce a raina Muslimat ce, ita ce mai irin wannan zuciya, har da kwaikwayon ɗaurin don ta kwantar mana da hankali. Ban ce komai ba, domin dokar kwano ke nan. Su ma ba su ce ba.

Mako na tara haka, na goma haka, na goma sha ɗaya haka.

A mako na goma sha biyu aka sako mutum shida. A cikinsu akwai Bakoji, wani mai sayen hatsi ɗan Kusasu, ya rame har sai da ya faɗi sunansa aka gane shi. Ya je gidan Manasseh da kansa ya ce zazzaɓi ya kama Maman Ann tun kwana na biyar, an yi ta tafiya da su cikin ruwa ba takalmi, ƙaya ta shige ta a ƙafar hagu ta ruɓe. Ya ce a kwana na tara ta cika, shi da wani suka tona rami da itace a gindin wata kaɗanya suka rufe ta. Aka yi mata addu'a a coci ba gawa. Na je, na zauna a bencin baya da mayafina, ban yi kuka ba.

Talatar nan Malam Suhaibu ya zo da takarda a cikin leda saboda ruwa. Ya yi mana gaisuwa, sannan ya ce, "Hajiya, wannan ita ce amfanin inshorar da na gaya muku. Wanda ya rasu, bashinsa ya faɗi, ba a bin magada, ba a bin ƙungiya. Maigidanta ya sa hannu, mai unguwa ya sa. Saura shugaba."

Na ce, "Wa ya ga gawarta?"

"Bakoji ya gani."

"Mutumin da ya dawo bai san ranar da ake ciki ba? Malam Suhaibu, kuɗinka sun taɓa gazawa?"

Ya ce ba su taɓa ba. Na ce to ya mayar da takardarsa leda kada ta jiƙe.

Bayan ya tafi Zulaiha ta juya ta ce, "Muslimat, Allah ya saka miki, amma ya isa haka. Ke ma 'ya'ya gare ki." Muslimat ta zaro ido ta ce ita fa duk zatonta Hajiya ce ke sawa. Zakiyya ta ce ita nata ma da ƙyar take haɗawa. Muka dubi juna. Ruwa na ɗiga daga indararo cikin bokiti, suka tashi suka ɗauki takalmansu.

Mako na goma sha uku muka karya doka. Kowace ta damƙa mini kuɗinta a hannu a tsakar gida. Muka shiga mu huɗu muka ga kwano wayam, muka rufe, na taɓa sakatar ƙofar baya na tabbatar tana ciki, muka fito na saki labule. Rana ce tarwai, hadari bai ko haɗu ba. Ana jin injin niƙan maƙwabta, ana jin masu tallan masara a lungu. Mun kai rabin awa a zaune, har Zulaiha ta fara cewa mun mayar da kanmu yara.

Sai muka ji murfi. Ƙarar da muka sani ce, a ɗaga a hankali, a mayar, a ɗan juya shi ya zauna daidai. Maman Ann kaɗai ke juya murfi haka, domin kwanon ya ɗan lotsa a gefe.

Kajina da ke tsattsaga a bakin ɗakin suka taso gaba ɗaya suka koma bayan randa. Zakiyya ta fara salati. Ni na tashi na ɗaga labule. Ba kowa. Sakata na nan yadda na bar ta. A kan siminti kuwa akwai sawu na jar laka, ɗanya, daga ƙofar baya zuwa turmi, daga turmi zuwa ƙofar baya. Sawun mutum ne ba takalmi. Na dama ya fito sosai har da yatsu, na hagu kuwa gefen ƙafa kawai ake takawa. Na buɗe kwano, ga naɗin nan da zaren buhu. Da na ɗauka sanyi ne da shi kamar an ciro shi daga randa.

Abin da ya kamata in ji tsoro ne, kuma na ji. Amma gaskiya murna ta fi yawa, wata irin murna mai kama da zazzaɓi. Na fito na ce musu, "Kun gani? Tana nan. Matacce ba ya biyan bashi." Muslimat ta ce, "Hajiya, mai rai kuma ba ya shiga ta ƙofa mai sakata." Na ce ta rufe mini baki a gidana.

Daga ranar ba wadda ta ƙara yarda ta shiga ɗakin. A bakin zaure suke miƙo mini kuɗinsu su juya. Ni kaɗai nake zama a tabarma in jira murfi, kuma bai taɓa saɓawa ba, tsakanin Azahar da La'asar. In ya yi ƙara sai in ce, "Sannu da zuwa, Maman Ann," in ba ta lokaci ta fita, sannan in shiga. Har ruwa na fara ajiye mata a moɗa, ba a taɓa sha ba. Malam Suhaibu ya ce mai ƙirga kuɗi a banki tana ƙorafi, wai akwai wasu takardun kuɗi a namu masu maiƙo da warin ƙasa, injin ƙirga ba ya karɓarsu. Duk zuwa sai ya fito da takardar nan, duk zuwa sai in ce ya mayar.

Ina wanke simintin duk Laraba, saboda haka na san yadda sawun ke sauyawa, ko da yake na yi ta yi wa kaina ƙarya. A mako na goma sha biyar ƙafar hagu ta daina takawa, jan ta ake yi, layi ɗaya dogo a cikin laka. A na goma sha bakwai na ga shatin hannu a jikin bango, inda aka dafa. Murfin ma ya fara makara, sai an kusa kiran La'asar. A na goma sha takwas akwai wurare biyu zagaye a gaban turmi, na daɗe ina kallo kafin na gane gwiwoyi ne.

A na goma sha tara Manasseh ya zo. Muslimat ce ta je ta gaya masa, na kuma yi mata Allah ya isa a lokacin, na janye daga baya. Ya yi sallama ya tsaya a zaure da rigarsa ta makaranta, alli a hannun rigar. Na ce ya shigo. Muka zauna, shi a kujera ni a tabarma, har aka kira La'asar aka idar. Na fara cewa yau ƙila ba za ta zo ba, sai murfi ya yi ƙara. A hankali ƙwarai, kuma sai da aka yi ta gwadawa kafin ya zauna.

Ya riga ni shiga. Na same shi a tsugune yana auna sawun dama da tafin hannunsa. Ya ce, "Ƙafarta ce. Ga ɗan yatsan da ya hau kan ɗan'uwansa." Ya bi layin lakar da ido har ƙofa, ya dubi shatin gwiwoyin, ya dubi bango. Sannan ya ɗago.

"Hajiya, kin tambayi Bakoji nisan wurin?"

Na ce ban tambaya ba.

"Ni na tambaya. Kwana uku suka yi suna tafiya kafin su fito titi. Kwana uku zuwa, kwana uku komawa." Ya nuna ƙasa. "Da wannan ƙafar. Yaushe take kwanciya?"

Na ce, "Baban Ann, in tana zuwa ai tana da rai."

"Hajiya, kin fi ni saninta. Kuɗin wani na wuyanta, za ta kwanta? Ni na sa hannu tun wata biyu. Ke kike tashe ta duk mako."

A nan ne abin da na danne ya fito. Na zauna a kan buhu na gaya masa duka, maganar ƙanin mijina, da baburan, da gwiwar da ba abin da ya same ta. Na ce ni ya kamata in shiga motar nan. Na ce in na sa hannu a takardar nan, na rubuta da hannuna cewa na kashe ta ke nan. Ina magana ina kuka irin wanda ban yi a coci ba, majina da hawaye, ba kyan gani.

Bai ce ya yafe ba, bai kuma zage ni ba, da ma zagin ya yi. Ya daɗe yana kallon kwanon. Ya ce, "Wannan tsakaninki da ita ne, da Allah. Ni dai matata ta gaji." Ya kakkaɓe gwiwar wandonsa ya fita.

Washegari na hau acaɓa na je bankin da kaina. Malam Suhaibu ya fito da takardar daga ledarta, duk ta yi laushi saboda yawo. Inda aka rubuta ranar rasuwa an riga an cike, kwana tara bayan an tare motar. Na sa hannu. Ya buga hatimi, ya ce kuɗin da aka biya bayan wannan rana za a mayar wa maigidanta. Na ce ya je ya gwada ba shi, ni ba zan kai ba.

Talata ta zo. Na gaya wa sauran cewa an gama, su zo mu koma yadda muke. Suka zo a ɗarare. Kowace ta shiga ta sa nata da sauri ta fito, ni ce ta ƙarshe, na ga simintin tas, sakata a ciki. Muka zauna. Na ce mu ɗan jira, ba wadda ta tambaye ni me muke jira. Aka kira La'asar, muka yi salla a nan tsakar gida. Rana ta sauka kan katanga. Zulaiha ta ce, "Hajiya, alhamdu lillahi, ɗauko mu ƙirga."

Ban kai ga tashi ba murfi ya yi ƙara.

Na shiga ni kaɗai. Na buɗe kwano na ƙirga a tsaye, dubu goma sha takwas, kuɗin mutum huɗu, ba naɗi ba zaren buhu. A ƙarƙashinsu hankicina ne mai ruwan ɗorawa, ya yi baƙi da ƙasa, ya jiƙe ya bushe ya sake jiƙewa. Ƙullin da ke bakinsa nawa ne, irin wanda nake yi sau biyu in soke bakin. Ba a taɓa kwance shi ba. Mako goma sha biyu tana neman dubu huɗu da ɗari biyar, Allah kaɗai ya san a ina, da dubu talatin ɗina a ƙugunta, ba ta zari ko ɗari biyar ba.

Na rungume hankicin na durƙusa, ina cewa ki yafe mini, Maman Ann, ki yafe mini. Sai a lokacin na dubi ƙasa. Sawun ya shigo daga ƙofar baya kamar kullum, da jan ƙafa, da gwiwa, da tafin hannu, har gaban turmi inda nake durƙushe. Na duba bayana, na duba gefen buhuna, na duba bakin ƙofa.

Babu sawun komawa.